Karatun Auta

Baba ya sake ƙwanƙwasa ƙofar, ya kara kunne, bai ji motsin kowa ba. 'Yar siririyar ƙofa ce a ƙarshen baranda, matse tsakanin ɗakin ajiye tsintsiya da matattakalar bene. An manna mata takarda wadda ta fara naɗewa ta gefe. Ya karanta a hankali yana motsa leɓe: Antarofoloji. Sunan karatun Auta ke nan. Tun da ta shiga jami'a yake jin kalmar a gidansa, kuma har yau bai san abin da ke cikinta ba.

Aikinsa gyaran keken ɗinki ne. Yau ya rufe rumfarsa a kasuwa, ya sa rigar da yake zuwa ɗaurin aure da ita, ya hau bas bai gaya wa kowa ba. Dalili kuwa shi ne, a makon jiya Auta ta durƙusa a gabansa ta ce aikinta na shekarar ƙarshe yana buƙatar ta je babban asibiti ta zauna da masu jinya na 'yan watanni, ta kwana inda suke kwana, ta ci abin da suke ci. Yayarsa, wadda ta riƙe Auta tun rasuwar uwarta, ta ajiye ludayi ta ce, "Lafiyarmu ƙalau, ki kwashi tabarma ki tafi asibiti? Fatan ciwo kike mana?" Auta ta ce ba za ta taka ko'ina ba sai da yardar Baba, amma malamarta tana son amsa kafin yau ta ƙare, in ba haka ba a ba wani aikin. Baba ya ce zai yi tunani. Shi dai a sana'arsa ba ya sa sukudireba a keken da bai gane cikinsa ba. Don haka ya zo ya ga karatun da idonsa.

Ƙofar kusa a buɗe take. Wani mai furfura a gemu yana zaune a bayan tulin takardu, yana shan shayi. Baba ya yi sallama, ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Shigo, Baba, zauna. Nan sashen ilimin zamantakewa ne. Ai waɗanda kake nema 'yan ɗakinmu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Da can aka raba mana gado, mu aka ba mu birni da masana'antu, su aka ba su ƙauye da mutanen nesa. Yanzu kuwa katanga ta faɗi. Suna shigo mana birni, muna leƙa musu ƙauye."

Baba ya ji sanyi a ransa. "To, alhamdu lillahi. Karatu ɗaya ne ke nan."

"Haba! A'a." Malamin ya ajiye kofi kamar an taka masa ƙafa. "Kai ma ka san wa da ƙane ba mutum ɗaya ba ne. Ɗauki wannan aikin na 'yarka. Da mu ne, tambayoyi za mu buga a takarda, mu raba wa dubban masu jinya a asibitoci da yawa, mu tattara, mu ce ga yadda abin yake a ƙasa baki ɗaya. Su kuwa 'yan mutane kaɗan za su liƙe wa kamar kaska, har a manta baƙi ne."

"Wanne ne daidai, ranka ya daɗe?"

"Namu ya fi faɗi, nasu ya fi zurfi."

"Na ji. Amma wanne ne daidai?"

Malamin ya yi dariya, ya leƙa ƙofa. "In malamarsu tana nan, nata. In ba ta nan, nawa. Makullin ofishinsu ma a wurinmu yake kwana, sai dai masinja ya fita da shi a aljihu."

Baba ya tambayi abin da yayarsa ta fi damuwa da shi, wato ko ana cin abinci da wannan karatu. Malamin ya ce maganar abinci ta mutanen bene ce, ya nuna masa matattakala.

A saman bene ya tarar da malamin tattalin arziki, matashi mai saurin baki, yana tsaye gaban farin allo cike da layuka, wasu sun hau, wasu sun gangara. Bai bari Baba ya gama bayani ba.

"Baba, yau ka rufe shago ka zo nan, ko? To ka ga karatunmu ke nan. Abin da za ka samu da ka zauna, ka bar shi. Mai jinya ma haka ne. Ya bar gona, ya bar kasuwa, ya zo ya tare a gindin gado. Mu muke auna wannan asarar."

"Ashe karatun Auta a cikin naku yake."

"Yana ciki, har zuwa wani wuri." Matashin ya sosa ƙeya da marfin alƙalami. "Mun taɓa yin lissafi, muka ga ya fi wa mutum sauƙi ya ɗauki wani ya kula masa da mara lafiya, shi ya koma aikinsa. Lissafi ya fita tas. Aka kawo masu aikin, ba wanda ya ɗauke su. Wani ya ce mana, 'In sa bare ya wanke ubana ina raye?' To a nan layinmu yake karyewa. In ya karye sai mu sauka mu ƙwanƙwasa waccan 'yar ƙofar."

"Su sai su gyara muku?"

"Sai su ce, 'Ya danganta.' Kullum ya danganta. Ka tambaye su ƙarfe nawa, su ce ya danganta da wanda ya ba ka agogon."

Baba ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya fito bai sami amsar maganar abinci ba, sai a matattakala ya tuna. A nan kuma ya ci karo da wasu malamai biyu suna gardama, ya yi kuskuren tambayarsu hanya. Na farko ya ce shi kimiyyar siyasa yake koyarwa, kuma maganar masu jinya tasu ce, don wani ne ya zauna a kujera ya yanke cewa ma'aikatan jinya kaɗan sun isa. Na biyu, malamin tarihi, ya ce ƙarya ne, sai an fara sanin yaushe aka soma barin dangi su kwana a asibiti, kuma antarofoloji ai tarihi ne wanda ya yi sammako, ya iso mutanen ba su mutu ba. Suka ci gaba da gardamarsu a kansa, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, har ya sulale ta tsakiya.

Wata ɗaliba ta tausaya masa, ta kai shi wurin malamar ilimin halayyar ɗan'adam. Ɗakin shiru, da labule, da kujera mai laushi wadda ta haɗiye shi har gwiwoyinsa suka taso. Malamar ta yi masa bayani da murya ƙasa-ƙasa, ta ce su abin da ke cikin kan mutum ɗaya suke dubawa, tsoronsa da gajiyarsa, su kuma maƙwabtan nasu abin da ke tsakanin kawuna. Baba ya duba tsakanin kansa da nata, bai ga komai ba sai tebur da kwalin tishu.

"Kai kuma, Baba," ta ce, "yaya kake ji a ranka idan ka tuna asibitin nan?"

Ya yunƙura sau biyu kafin kujerar ta sake shi. Ya ce ya bar wani abu a ƙasa.

Ya dawo inda ya fara. Ƙofar tana nan a kulle. Akwai benci a jikin bango, wata mata tana zaune a kai, ba yarinya ba ba tsohuwa ba, da silifas da mayafi wanda ya sha wanki, da jakar leda a kan cinya. Ta matsa masa. Ya zauna da nishi, ya cire hula ya goge zufa.

Kansa ya yi nauyi. A keke, kowane ƙarfe da wurinsa. Allura ba ta taɓa cewa ita 'yar'uwar bel ce ba, bel bai taɓa cewa aikin allura a cikin nasa yake ba. In ka ɗaga ƙarfe ka tambayi ko wane mai gyara, zai ce maka ga sunansa, ga aikinsa. Nan kuwa kowa ya ce karatun Auta danginsa ne, kowa ya yanki rabonsa, amma ba wanda ya ce ga abin da yake yi.

"Sannu, Baba," matar ta ce. "Ka sha hawa da sauka."

"Yauwa, sannu. Ke ma naki kika biyo?"

"A'a, ni dai..."

"Ki gode Allah in naki lissafi yake karanta, ko likita. Tawa wani karatu take yi mai dangi da yawa, ba shi da gida. Tun safe nake yawo. Wannan ya ce ƙanensa ne, wancan ya ce maƙwabcinsa ne, makullin ma a aljihun wani yake. Wai kuma don shi za ta je ta kwanta a barandar asibiti da masu jinya. Yarinyar da ko sauro ya cije ta sai gida ya sani! Ba ta san wurin nan ba."

Matar ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu, sai ta fasa. Ta juyo gaba ɗaya ta fuskance shi. "Kai ka san shi ne?"

Bai yi niyyar amsawa ba. Amma ta yi tambayar ta yi shiru, irin shirun da ba ya gaggauta mutum, kuma baƙuwa ce, gobe ba za su haɗu ba. Sai ya ji bakinsa ya buɗe.

Ya ce mata lokacin Auta tana rarrafe uwarta ta kwanta. Maza ba sa kwana a ɗakin mata, don haka a ƙarƙashin matattakala suke shimfiɗa, su da yawa, kowa da tabarmarsa da bokitinsa. Ba a tambayar suna a wurin. Da gadon majinyacinka ake kiranka. Shi Na-gadon-taga ne, don gadon matarsa yana jikin taga. In baƙo ya zo, ba ya shimfiɗa inda ya ga dama, sai wanda ya fi kowa daɗewa ya nuna masa wuri. A lokacinsu wani kafinta ne, tsoho, 'yarsa ta ƙone da wuta. Shi ya san wace nas ake tasa da dare ba ta yi faɗa, wane famfo ne ke kawo ruwa da asuba. In za ka je sayen magani, na kusa da kai ne zai riƙa leƙa maka majinyaci, ko da jiya kuka fara ganin juna.

"In aka sallami mutum fa?" matar ta tambaya.

"Ya bar bokiti. Ba a fita da bokiti, na baya ake bar wa."

"In kuma..."

"In kuma ta Allah ta kasance," Baba ya ce, yana juya hularsa a hannu, "mutum ba ya naɗe tabarmarsa da kansa. Ba a barinsa. Kafin ya fito daga ɗakin an naɗe masa, an ɗaure, wani ya riƙe masa har bakin get. Ba a cewa komai. Ni kafintan nan ne ya naɗe tawa. Ya raka ni har titi, ya miƙo mini, ya koma. Ban san sunansa ba. Ban san ko 'yarsa ta tashi ba. Ko yayata ban taɓa gaya wa wannan ba. Auta kuwa ba ta ma san na kwana a wurin ba."

Idanun matar sun yi ja.

"Baba?"

Auta ce tsaye a bakin baranda, rungume da littattafai, baki buɗe. Ta dubi ubanta, ta dubi rigar ɗaurin auren, sannan ta dubi matar, ta rusuna.

"Malama, ina wuni. Ashe kun haɗu."

Baba ya dubi silifas ɗin, ya dubi jakar ledar, ya dubi kullalliyar ƙofar. A hankali ya mayar da hularsa. Kunya ta fara zuwa, sai fushi ya ture ta.

"Ke ce malamar?"

"Ni ce, Baba. Makulli nake jira."

"Kika bar ni ina ta zuba?"

"Na fara faɗa maka, ka katse ni. Amma wannan ba hujja ba ce, ina da damar sake faɗa. Da ka ambaci asibitin sai kunnena ya riga bakina. Aikin ne ya ɓata ni." Ta sauko daga bencin ta rusuna, abin da ya sa wasu ɗalibai masu wucewa suka rage tafiya. "Ka yafe mini. A aikinmu babban laifi ne ka saurari mutum bai san ko kai wane ne ba. Shi muke fara koya musu."

"To ga shi mai koyarwar ta yi. Wannan za ki koya wa 'yata? Ta je ta raɓi mutane suna cikin tashin hankali, ta yi musu fuskar tausayi, ta kwashe abin da ke cikinsu ta kai takarda?"

"Baba, don Allah," Auta ta ce.

"Bar shi, gaskiyarsa ce," malamar ta ce. "Abin da ka faɗa mini naka ne, Baba, ba zai bar bencin nan ba. Ita kuma in ta je, za ta fara gaya musu ko ita wace ce da abin da ya kawo ta. Wanda ya ce ba ya so, ta bar shi."

Baba ya ga tun da abin ya riga ya lalace, gara ya yi tambayar da ta fito da shi daga gida.

"To ke da bakinki, mene ne karatun nan? Kar ki ce mini ya danganta."

Ta kusa yin murmushi. "Duk abin da suka gaya maka a ofisoshin nan gaskiya ne. Muna aro a wurinsu, suna aro a wurinmu. Auta za ta buƙaci ƙidayar mai gemu, da lissafin na bene, da sauran duka, in ba haka ba ta zauna da mutum goma ta ɗauka duniya ce. Amma takardar tambayoyi ba za ta taɓa tambayar wa ke naɗe tabarma ba, don mai rubuta ta bai san akwai abin tambaya a nan ba. Sai wanda ya zauna."

"Wace tabarma?" Auta ta tambaya.

Baba ya yi kamar bai ji ta ba.

"Wannan ai ba karatu ba ne," Baba ya ce. "Zama ne."

"Zama ne, Baba. Sai kuma rubutu."

Ya miƙe, ya kaɗe rigarsa. Ya ce zai yi tunani. Malamar ta ce tana nan har magariba, ciki ko waje, ya danganta da masinja. Ta kama bakinta da hannu, amma ta riga ta faɗa.

A bas Auta ta zauna a gefensa ta takure, tana satar kallonsa. Shi kuwa yana ta jera abin da ya ji kamar yadda yake jera ƙarafa a kan tsumma kafin ya haɗa keke: faɗi da zurfi, layin da ya karye, tsakanin kawuna, tarihin da ya yi sammako. Ya juya su ta nan, ya juya ta can, ba su haɗu sun zama keke ba. Da bas ɗin ya tsaya a cunkoso gaban babban asibiti, ya so ya kau da kai kamar yadda ya saba, sai ya makara. Ta cikin get ya hango masu jinya a ƙarƙashin bishiya, da filas da bokitai, wata tana shanya zane a kan waya, wani dattijo yana nuna wa wani saurayi wani wuri da hannu.

Yayarsa tana tsakar gida tana tsince shinkafa lokacin da suka shiga. Ta dubi rigar, ta dubi Auta.

"Au, can ka je? Shi ya sa teloli suka yi ta aiko yara. To, ka gane karatun?"

"Ko kaɗan, Yaya."

"Na faɗa. Abin da babba bai gane ba ai ba a tura yaro cikinsa."

Baba ya wuce ta. Ya shiga ɗakinsa, ya jawo kujera ya taka, ya laluba can bayan akwatuna a saman kabad. Ya fito da wata tsohuwar tabarma a naɗe, ƙura ta rufe ta, an ɗaure ta da igiya, ɗaurin da ba irin nasa ba. Ya zauna a bakin ƙofa ya ɗora ta a cinya. Ƙullin ya ƙi kwancewa da yatsu, sai da ya sa bakin sukudireba ya lallaɓa shi, bai yarda ya yanke ba.

"Wannan kuma ta ina ce?" yayarsa ta tambaya. "Shekara nawa ina share ɗakin nan ban san da ita ba?"

"Auta, zo nan." Ta zo ta durƙusa. "Ba da waccan jakar taki mai taya za ki je ba, za su ɗauka daga gwamnati kike. Wannan za ki ɗauka, da bokiti, kuma kar ki dawo mini da bokitin. In kin shiga, kar ki shimfiɗa. Ki nemi wadda ta fi kowa daɗewa ki gaishe ta. Kafin ta ba ki ko ruwa, ki gaya mata ko ke wace ce da abin da ya kawo ki. Kar ki yi irin ta malamarki."

"Ikon Allah!" yayarsa ta ce. "Kai da ka ce ba ka gane ba?"

"Ban gane ba, Yaya. Auta, kira malamarki, tana can tana jiran makulli."

Auta ta ciro waya, idonta a kan tabarmar. "Baba, ta wa ce?"

"Za ki ji. Ki fara gaya mini ko ke wace ce tukuna." Ya warware tabarmar a ƙasa, ta ƙi kwanciya, gefenta yana ta komawa yadda ya saba. Ya danne shi da tafin hannu. "In kin je, ki tambayar mini abu ɗaya. Ko har yanzu ana naɗe wa mutum."